Me ya sa hotunan da nake ɗauka daga sama suke fitowa kamar taswira?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne, bara na sayi ƙaramin jirgi maras matuƙi, DJI Mini 4 Pro, saboda aiki. Yanzu sha'awata ta karkata ga ɗaukar daji da duwatsu da gonaki. Matsalata ita ce, idan na kai jirgin ƙarshen tsayinsa wurin yakan burge ni, amma hoton sai ya fito fari-fari, a shafe, ba rai, kamar taswirar Google. Ko da kyamarar hannu ma, dutse ƙato sai ya fito ɗan mitsitsi. Shin jirgin ne ya yi ƙarami in nemi babba, ko saiti ne ban iya ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka dai ita ce, laifin na'ura ne ko laifin saiti? A ganina ba ko ɗaya. Jirgin da ke hannunka ya isa ya fitar da hoton da za a wanke a rataye a bango, saiti kuma aikin minti biyar ne, za mu zo kansa. Abin da ke kashe maka hoto ana yanke shawararsa ne tun jirgi yana ƙasa: tsayin da za ka je, lokacin da za ka tashi, da abin da ka je ɗauka takamaimai. Na farkon ka faɗa da bakinka. Na biyun kuma zan iya cankarsa, don mai aikin biki ba ya samun sarari sai da hantsi ko da rana tsaka.

Idan kana tsaye a ƙasa kana kallon fili, abubuwa da dama ne suke nuna maka nisa. Bishiyar kusa ta tare ta nesa, saniyar da ke can ta fi ta nan ƙanƙanta, dutsen ƙarshe ya fi na gabanka dusashewa. Su ne suke ba hoto zurfi. Da zarar ka ɗaga kyamara sama ka kifa ta tana kallon ƙasa, duk sun tafi. Babu abin da ya tare wani, komai nisansa ɗaya da lensi, tsohuwar kuka da ƙaramar sabara duk sun koma ɗigo. Abin da ya rage maka siffa ce da launi da inuwa. Masu yin taswira da gangan suke ɗaukar hotonsu daga can sama, rana kuma tana sama, don kada inuwa ta ɓoye musu hanya ko gini. To idan ka tashi a tsayinsu kuma a lokacinsu, me zai hana ka dawo da irin hotonsu?

Lissafin tsayi

Kyamarar jirginka faɗin ganinta daidai yake da na lensi mai milimita 24. Idan ta kalli ƙasa kai tsaye, faɗin filin da take ɗauka kusan tsayin jirgin ne sau 1.4, ɗaya gefen kuma kusan daidai da tsayin. A mita 120 ke nan kana ɗaukar fili mai kimanin mita 165 a mita 125, wajen hekta 2. Hoto mai megafiksel 12 yana da fiksel, wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto, kusan 4,000 a faɗinsa, don haka kowane fiksel ya cinye santimita 4 na ƙasa. Mutum idan aka kalle shi ta ka, faɗin kafaɗunsa bai wuce rabin mita ba, fiksel 12 ke nan cikin 4,000. Ba wanda zai gan shi. Saniya mai tsawon mita 2 ta samu fiksel 50. Yanzu sauko zuwa mita 30. Filin ya koma mita 42 a mita 31, fiksel ɗaya ya zama santimita 1, saniya ta samu fiksel 200, ga tozonta ga ƙahonta, ana bambance fara da ja, ana ganin makiyayi da sandarsa.

Shi ya sa mafi yawan aikina na sama yake ƙarewa tsakanin mita 15 da mita 60. George Steinmetz, Ba'amurken da ya shahara da hotunan Sahara daga sama, a Nijar ya fara wannan aiki a ƙarshen shekarun 1990, kuma ba da jirgin sama ya yi ba. Lema mai injin goyo ya yi amfani da ita, saboda tana tafiya a hankali kuma ƙasa-ƙasa. Hotonsa na ramukan gishirin Tegidda-n-Tesum ya yi kyau ne domin ana ganin kowane rami da launinsa.

Hanyar da za ka koyi wannan da hannunka mai sauƙi ce. Ka tsayar da jirgin a kan abu ɗaya, ka ɗauka a mita 15, ka hau 30, ka hau 60, ka hau 100, kowane mataki hoto ɗaya. A gida ka jera su a kwamfuta. Za ka ga akwai matakin da abin ya fito da siffarsa, akwai kuma wanda daga shi ya fara ɓacewa. Bayan ka yi haka sau goma, idonka zai riƙa gaya maka tsayin tun kafin ka tashi.

Ba wai tsayi ba shi da rana ba. Akwai siffar da ba ta bayyana sai daga nesa, kamar lanƙwasar kogi, ko tsarin gonakin rani na Kadawa da Kura da ruwan dam ɗin Tiga yake shayarwa, ko rassan ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru bayan damina. Ko a nan ɗin ma ka jira kwale-kwale ko tarakta ko garke ya shigo, abin da mai kallo ya san girmansa, ya auna sauran da shi.

Wannan ya kawo mu ga abin ɗauka. Kafin ka kunna jirgi, ka faɗa wa kanka a jimla ɗaya abin da ka zo dominsa. "Gonaki" ba amsa ba ce. "Burtalin da ya ratsa gonaki, garke yana cikinsa" amsa ce. Haka shanyar tattasai da barkono ja wur a kan ƙasa, ko rumbuna a jere bayan gari, ko masussuka lokacin kaka, ko hanyoyin da dabbobi suka tattake daga kowane ɓangare suka haɗu a bakin rijiya. Batir ɗinka kamfani ya rubuta masa minti 34, a aikace minti 22 zuwa 25 za ka samu. Wanda ya tashi bai san me yake nema ba, a yawo zai ƙone su.

Inuwa

Tunda daga sama inuwa ce kaɗai take nuna tudu da kwari, sai ka san lissafinta. Idan rana tana digiri 45 a sama, inuwar abu daidai take da tsayinsa. A digiri 20 ta kusa ninki 3. A digiri 10 ta kusa ninki 6, wato giginya mai mita 15 za ta shimfiɗa inuwar da ta haura mita 80. Daga sama kan giginyar ɗan dunƙule ne kawai, inuwar ce take zana maka ita gaba ɗayanta, gangar jiki da ganye. Haka raƙumi, haka mai keke a kan hanya.

Inda muke samun matsala shi ne Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana a wurinmu miƙewa take yi sama kusan kai tsaye, digiri 14 zuwa 15 a awa. Minti 45 bayan fitowarta ta kai digiri 10, a awa ɗaya da rabi ta kai 20, kafin ƙarfe goma ta kusa 45. Masu koyarwa daga Turai suna maganar awa guda ko fiye ta haske mai laushi, domin tasu ranar a karkace take hawa. Namu minti 30 zuwa 40 ne. A Disamba da Janairu rana tana fitowa a Kano tsakanin 6:30 da 6:50, a Yuni wajen 6:05. Sakkwato tana bayan haka da kusan minti 13, Maiduguri tana gaba da kusan minti 18. A taƙaice, ana idar da sallar asuba ka kama hanya, ko ma ka yi ta a can. Da yamma kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, jirgi ya sauka kafin kiran magariba.

Amma kada ka ɗauka kullum mafi ƙasan rana shi ne mafi kyau. Kunyar gona mai tsayin santimita 20, a digiri 10 inuwarta ta haura mita 1, ta cike kwarin gaba ɗaya ta hau kunyar gaba, gonar ta zama duhu. A digiri 20 inuwar wajen rabin mita ce, sai ka samu layi fari layi baƙi kamar saƙar tabarma. Kuma sai hasken ya ratsa kunyoyin ta gefe. Idan ya bi tsawonsu, ko da sassafe ne a shafe za su fito. Tudun rairayi irin na Tulo-Tulowa a Yusufari akasin haka ne, gangarensa mai laushi ne, sai rana ta yi ƙasa sosai yake nuna ƙugunsa.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan ka ɗauki hoto kai tsaye ƙasa, kai ne kake zaɓar inda saman hoton yake, ta hanyar juya jirgin. Idon mutum ya saba haske ya zo daga sama. Idan hasken ya shigo daga ƙasan hoto, tudu yakan zama kamar rami, rami kuma kamar tudu. Don haka ga duwatsu da kwari da tudun yashi, ka juya har rana ta kasance ta saman hoton, inuwa ta faɗo wajen mai kallo. Idan kuwa inuwar ce kanta abin ɗauka, kamar ta ayarin raƙuma, sai ka juya ta miƙe tsaye, ƙafafu a ƙasa kai a sama.

Ɓangaren da rana take fitowa ma yana sauyawa. A Disamba tana fitowa wajen digiri 24 kudu da gabas, ta wuni tana bin kudu. A Yuni tana fitowa arewa da gabas. Fuskar dutsen da ke kallon arewa ba ta samun rana a hunturu, sai daga ƙarshen Maris zuwa Satumba, ta fi samunta kuma daga Mayu zuwa Yuli. Manhajoji irin su PhotoPills da Sun Surveyor suna nuna maka wannan a kan taswira tun kana gida. Sau biyu a shekara kuma, wajen ƙarshen Afrilu da wajen 20 ga Agusta, rana tana tsayawa daidai kan Kano da tsakar rana, inuwa ta shige ƙarƙashin mai ita. A irin wannan lokaci idan ka kalli ruwa daga sama, ranar za ta dawo maka cikin lensi ta ƙone tsakiyar hoton.

Hazo

Farin da kake gani yawancinsa ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a Chadi. Ƙurar tana watsa haske a tsakaninka da abin da kake ɗauka, kuma gwargwadon yawan iskar da ke tsakani, gwargwadon farin. Jirgi a mita 120 yana hangen kilomita 5 yana ɗaukar hoton ƙurar kilomita 5 ne. Filta mai kashe ƙyalli tana taimakawa a kan ruwa da ɗanyen ganye, amma ƙurar hunturu ba ta jin ta sosai, ga shi tana cin haske.

Mafita biyu ce. Ko dai ka rage nisan, ka sauko ka kalli ƙasa, ka fitar da sama daga hoton gaba ɗaya, tunda farar sama ba ta ƙara komai. Ko kuma ka mayar da hazon abin ɗauka: ka fuskanci ɓangaren da rana take, ka nemi wurin da tuddai ko bishiyoyi suka jeru wani bayan wani, na kusa baƙi, na bayansa toka-toka, na ƙarshe da ƙyar ake ganinsa. Wannan zurfi ne da damina ba ta bayarwa, kuma lensi mai jawo nesa ne yake fitar da shi. Ka lura kuma, ranar da hazo ya yi kauri rana ba ta yin ƙarfin jefa inuwa sai ta ɗan ɗaga, don haka lissafin da na ba ka a sama sai ka jinkirta shi da kamar rabin awa.

Iska mafi tsabta ita ce ta safiyar da ta biyo ruwan dare, lokaci mafi kyau kuma daga Satumba zuwa Oktoba, ƙasa kore, gajimare yana nan, amfani ya fara nuna. Da rani ka nemi inda kore ya yi karo da fari: bakin fadama, lambu, ko gawo, wanda shi da rani yake ganye ya kaɗe da damina. Hadari kuwa babu saman da ta fi tasa kyau, amma aikin kyamarar hannu ne. Iskar da ke gabansa tana riga ruwan isowa, kuma ta fi ƙarfin ƙaramin jirgi.

Kafin ka ɗora wa hazo laifi duka, duba gilashin lensin. Shatin yatsa ɗaya ya isa ya sa hoto ya yi fari. Ka fara hure ƙurar da abin hura iska kafin ka goge, in ba haka ba yashi zai karce gilashin.

Kusurwar kyamara, da maganar dutsen da ya ƙanƙance

Tsakanin kallon ƙasa kai tsaye da kallon gaba akwai kusurwar da ake yawan tsallakewa, wato kyamara ta sunkuya digiri 25 zuwa 45, jirgi yana mita 20 zuwa 40. A nan abubuwa suna dawowa suna tare juna, ana ganin gefen bishiya da bangon rumbu, amma har yanzu ana ganin shimfiɗar wurin. Abin gudu shi ne wanda jirgi yake ba ka da kansa idan ya tashi: kyamara tana kallon gaba, rabin hoto farar sama, rabi ƙasa mai nisa. Ka yanke shawara. In ƙasa ce labarin, sama kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar, ko a cire ta. In sama ce, ka ba ta kashi biyu cikin uku.

Dutsen da ya fito maka ƙarami da kyamarar hannu, aikin lensi mai faɗi ne. Shi yana kumbura na kusa ya ƙanƙantar da na nesa. Ɗauki Dutsen Zuma da ke gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna, wanda ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi. Idan ka tsaya da lensi mai milimita 24, kwalta da ciyawar gabanka su ne za su cika hoton. Ka ja baya kilomita 2 ko 3, ka sa lensi mai milimita 100 zuwa 200, ka nemi gida ko bishiya ko tirela da ke can kusa da gindin dutsen ta shigo ƙasan hoton. Yanzu nisanka da gidan da nisanka da dutsen sun kusa zama ɗaya, sai girmansu na gaskiya ya bayyana, dutsen ya danne gidan. Nisan ne yake wannan aiki, lensin yanko maka wurin kawai yake yi. Da zafin rana iskar da ke kan ƙasa tana rawa ta ɓata kaifin irin wannan hoto, saboda haka shi ma na safe ne.

Idan lensi mai faɗi kake so, to ka ba shi abin da zai kumbura. Ka durƙusa, ka sa dutse ko tsagaggiyar ƙasa ko damin dawa a nisan mita 1 zuwa 2. A kyamara mai babbar sensa (abin da ke karɓar haske a cikinta), milimita 24 a buɗin lensi f/8, idan ka saita kaifi a mita 2.5 komai zai fito daga kusan mita 1.2 har ƙarshen gani. Kada ka wuce f/11 ba dalili, daga f/16 hoton yakan fara laushi. Ga ruwa mai zubowa irin na Gurara, ka kafa kyamara a kan ƙafarta, ISO (ƙarfin jin haske na sensa) a 100, shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) tsakanin rubu'in daƙiƙa da daƙiƙa 1, da filta mai rage haske.

Kada kuma ka manta akwai hoton sama da ba ya bukatar jirgi. Kan Dala da Goron Dutse a Kano, ko Kufena a Zariya, suna ba ka tsayi tare da babbar kyamara da dogon lensi, kuma ba batir da zai kore ka.

Saiti

Buɗin lensin jirginka a kafe yake a f/1.7, don haka shota da ISO kaɗai kake juyawa. Ka bar ISO a 100. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, don JPEG yana zubar da abin da za ka bukata wajen gyaran hazo. Ka kafe launin haske a 5500K maimakon barin jirgi ya riƙa canzawa. Ka kunna histogiram, zanen da ke nuna yawan duhu da haske a hoto, da gargaɗin ƙonewar haske, ka yarda da su fiye da allon waya, wanda hasken rana yake sa ka ga kamar hoton ya yi duhu. Ka rage haske da 0.3 zuwa 0.7 a ma'aunin haske na kyamara (EV), domin ƙaramar sensa idan fari ya ƙone ba ya dawowa. Idan rana ko ruwa mai ƙyalli yana cikin hoton, ka sa AEB mai hoto 5, wato jirgin ya ɗauki wuri ɗaya sau biyar da haske daban-daban, ka haɗa su a kwamfuta. Ka saki sandunan tuƙi, ka ƙirga uku jirgin ya natsu, ka taɓa allo ya kama kaifi, sannan ka danna. Megafiksel 48 na lokacin da haske ya wadata ne, da almuru 12 ya fi tsabta. Filtar ND, mai rage haske, ta bidiyo ce, inda ake son shota ta tsaya a 1/50. A hoto ba ta ƙara komai sai haɗarin girgiza. Idan wuri ya fi ƙarfin hoto ɗaya, maimakon ka hau sama, ka ɗauki hotuna a jere kowanne ya hau kan na baya da kashi ɗaya cikin uku, ka ɗinke su.

Abin da ke kayar da jirgi, da abin da ke jawo rigima

Iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, jirginka kuma iyakarsa mita 10.7 a daƙiƙa. Ka tafi kana fuskantar iska, ka dawo tana tura ka, kuma ka juyo tun batir yana kashi 40 in ka yi nisa. Wanda ya tafi da iska a bayansa shi ne yake kallon jirginsa ya kasa dawowa. Idan ya kasa gaba, ka sauko da shi ƙasa-ƙasa inda iskar ta fi rauni. Ka tashi daga kan tabarma ko faifan tashi, don farfela tana tayar da yashi ya shiga injinan farfela da gimbal, wato mariƙin kyamara. Kada ka tashi daga kan mota ko siminti mai rodi, ƙarfe yana rikita kamfas. Ka sa tsayin komawa gida ya haura doguwar bishiya da ƙarfen sabis da ke wurin. Wayar wuta kuwa na'urar kauce wa karo ba ta cika ganinta ba. An ƙera jirgin ya yi aiki har zafin digiri 40, bazararmu kuma tana wuce haka, don haka kada ka bar batir a cikin mota, kada ka yi cajinsa da zafinsa, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki. Idan shirwa ko shaho ya fara zagaye, ka hau sama da sauri sannan ka janye ka sauka. Garke ma kada ka sauko masa ƙasa da mita 30 sai da sanin makiyayi, ƙarar tana firgita shanu.

Ta fuskar doka, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce ba a tashin irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Mita 120 ita ce iyakar da aka saba, kuma ba a kusantar filin jirgi, bariki, gidan yari ko gidan gwamnati. Filin jirgin Malam Aminu Kano 'yan kilomitoci ne daga Dala, wani dalilin ke nan na hawa da ƙafa. Ni mai hoto ne ba lauya ba, ƙa'idojin kuma ana sabunta su, saboda haka ka nemi bayanin yanzu daga hukumar kanta. A yankunan da ke fama da matsalar tsaro, shawarata jirgi ya zauna a jaka.

Akwai kuma abin da takardar izini ba ta wanke shi. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, makewayi sau da yawa ba rufi, katanga an yi ta ne don tare idon mai wucewa a ƙasa. Jirgi a mita 30, wanda na ce yana nuna ƙahon saniya, yana nuna matan gida ma. Kada ka bi ta kan gidaje. Idan gari ne a hoton, ka ɗauke shi daga gefe da nisa, kyamara a karkace yadda katanga za ta ci gaba da aikinta. Ka fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna musu allon, mai gona ma ka nemi yardarsa.

Gyara, da ranar canza jirgi

A manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka fara da jawo baƙi har ya taɓa gefen histogiram, wannan kaɗai yana cire rabin farin. Maɓallin Dehaze, mai cire hazo, ka tsaya tsakanin 10 da 20, kuma a ɓangaren nesa kawai. Idan ya yi yawa, inuwa takan koma shuɗi mai datti, sama ta yi tsakuwa-tsakuwa. Kada ka cire hazon duka, ɗan dusashewar nesa ita ce take nuna nisa. Kore ma a yi hattara da shi, gonar gero ba ta da launin filin ƙwallo.

Duk wannan yana da iyaka. Sensar jirginka ƙarama ce, bayan faɗuwar rana za ka ga tsakuwa a inuwa, kuma idan aka wanke hoton ya wuce girman A2 za a gane. Jirgin DJI Mavic 3 yana da babbar sensa da buɗin lensi mai juyawa daga f/2.8 zuwa f/11. Amma abin da ya fi canza kamannin hoton ƙasa shi ne lensi na biyu mai milimita 70, irin na jirgin DJI Air 3, wanda yake jera tuddai a cikin hazo kuma yake ba ka damar tsayawa nesa da mutane da dabbobi. Ka yi kaka ɗaya da hunturu ɗaya kana tashi da sassafe ƙasa da mita 60. Bayan nan ka duba hotunanka 50 na ƙarshe. Idan ka ga kullum tsakiyarsu kake yankowa kana zubar da gefe, to milimita 24 ta yi maka faɗi, sai ka fara tambayar kuɗin mai 70.